Mu Koyi Kula da Mota: Hita da Bawul Ɗinta

Muna gaishe da ɗaliban ajin manya na Gaya da ƙauyukan bakin kogi. Muna gaishe da direbobi da yaran mota da makanikai, da duk wanda abincinsa yake kan hanya.

Yau za mu yi magana a kan wani ɗan abu da ke cikin mota. Girmansa bai wuce dunƙulen hannu ba. Makanikan da suka koyi aiki a Najeriya suna kiransa bawul ɗin hita. Waɗanda suka koya da Faransanci suna cewa robine na shofaj. Abu ɗaya ne. Mutane da yawa ba su san yana cikin motarsu ba, sai ranar da ya tsayar da su a daji.

ME YA KAWO HITA ƘASAR ZAFI?

Wani zai ce: "Malam, mu da muke fama da zafi, ina ruwanmu da abin ɗumama mota?" Tambaya ce mai kyau. Ga amsarta.

Gaya tana bakin kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, a cikin jihar Dosso. Gada ce ta haɗa ta da Malambil a ƙasar Benin. Ta gabas kuma ga Kamba, a jihar Kebbi ta Najeriya. Shekara da shekaru motocin da aka yi amfani da su a Turai suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Daga can su yi tafiyar fiye da kilomita 700, su haye gada, su shigo Gaya. A shekarar 2023 aka rufe iyakar, hanyar kaya ta sauya. Amma motocin da suka riga suka shigo suna nan, da su ake neman abinci.

An ƙera waɗannan motoci don ƙasashen sanyi, irin su Faransa da Jamus da Beljiyam. Saboda haka kowace tana da hita. Mota ta zo ƙasarmu, hitarta ta zo tare da ita.

Hitar nan tana yi mana amfani uku.

Na farko, lokacin hunturu. A watan Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 20. Direban da ya tashi da asuba zuwa Dosso ya san wannan sanyi. Tsofaffi da jarirai da ke cikin mota sun fi shi saninsa.

Na biyu, lokacin damina. Gaya tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, kimanin milimita 800 a shekara. Idan ana ruwa aka rufe gilasai, numfashin fasinjoji yakan rufe gilashin gaba kamar hazo. Direba ba ya ganin hanya. Iskar hita mai ɗumi ita ce ke busar da gilashin.

Na uku shi ne mafi girma. Ruwan da ke bi ta cikin hita, shi ne ruwan da ke sanyaya inji. Idan hita ta yi yoyo, inji ne zai rasa ruwa. Injin da ya rasa ruwa kuwa ƙonewa yake yi.

YADDA RUWA KE ZAGAYA INJI

Inji yana ƙona mai, saboda haka yana yin zafi ƙwarai. An yi hanyoyi a cikin jikinsa inda ruwa ke bi yana kwasar zafin. Famfon ruwa ne ke tura ruwan. Ruwan ya fito da zafi, ya shiga lagireto a gaban mota, iska ta hura shi ya huce, ya sake komawa cikin inji. Haka yake zagayawa muddin inji na aiki.

Akwai wani mai gadi a bakin hanyar lagireto. Sunansa tamostat, wasu suna cewa kalosta. Idan inji yana da sanyi, yakan rufe hanya don ruwa ya yi saurin ɗumi. Idan zafin ruwan ya kai wajen digiri 82 zuwa 90, sai ya buɗe. Da haka inji ke zama a kan zafin da ya dace da shi.

To, ita hita wani ƙaramin lagireto ne da aka ɓoye a cikin mota, a bayan allon da ke gaban direba. Tiyo biyu ne suke zuwa gare ta daga inji. Ɗaya yana kai ruwan zafi, ɗaya yana mayar da shi. Wata 'yar fanka tana hura iska ta cikinta. Iskar ta ɗauki ɗumi, ta fito wa mutane.

Bawul yana kan ɗaya daga cikin tiyon nan biyu. Aikinsa buɗewa da rufewa. Masu noman rani a bakin kogi sun san wannan aiki. Idan kana son ruwa ya shiga fangalin albasa, sai ka buɗe bakin hanya. Idan ya ƙoshi, ka toshe. Bawul shi ne bakin hanyar. Idan direba ya kai makunni wajen ja, bawul ya buɗe, ruwan zafi ya shiga hita. Idan ya kai wajen shuɗi, bawul ya rufe.

BAWUL IRI UKU

Iri na farko mai waya ne. Wata siririyar wayar ƙarfe, irin ta birkin keke, ta taso daga makunni zuwa bawul. Ka ja makunni, waya ta ja hannun bawul. Irin wannan ake samu a Peugeot 504, wadda aka fara yi a Faransa a 1968, aka kuma riƙa harhaɗawa a Kaduna daga 1975. Tsofaffin Toyota da yawa ma haka suke.

Iri na biyu mai zuƙar iska ne. Wani siririn tiyon roba ya taso daga inji. Zuƙar da inji ke yi ita ce ke motsa bawul.

Iri na uku mai wutar lantarki ne. Yana da wayoyin wuta da soket. Wasu motocin Mercedes suna da irinsa.

Ku lura da wannan: ba kowace mota ce take da bawul ba. A motoci da yawa na baya-bayan nan, ruwan zafi yana bi ta cikin hita kullum. Wani ɗan murfi ne a cikin akwatin iska yake buɗewa ko rufewa. Saboda haka kafin ka zargi bawul, bi tiyon nan biyu da ido, ka tabbatar motarka tana da shi. A wasu motoci yana ƙarƙashin murfin inji, a wasu yana ciki, kusa da ƙafar fasinja.

ALAMOMIN CUTAR BAWUL

Alama ta ɗaya: hita ba ta ɗumi ko kaɗan. Fanka tana hurawa, amma iska sanyi. Mai yiwuwa bawul ya cije a rufe.

Alama ta biyu: zafi ba ya ɗaukewa. Ka kai makunni wajen shuɗi, amma iskar zafi tana ta dukan ƙafafunka, ko a watan Afrilu. Idan motar tana da na'urar sanyi, sanyinta ba ya isa. Mai yiwuwa bawul ya cije a buɗe. Mutane da yawa sun ɓata kuɗi wajen ƙara wa na'urar sanyi gas, alhali bawul ne bai rufe ba.

Alama ta uku: ɗumi yana zuwa yana tafiya, ko kuma juya makunni ba ya sauya kome. Mai yiwuwa waya ta saki, ko bawul ya tsaya a tsakiya.

Alama ta huɗu: ruwan lagireto yana raguwa kullum. Ka cika yau, jibi ya sauka. Mai yiwuwa bawul yana yoyo. Wannan ita ce alamar da ta fi hatsari.

BINCIKE MATAKI MATAKI

Likita ba ya yanka mutum kafin ya auna shi. Haka makaniki nagari ba ya kwance bawul kafin ya bincika. Cututtuka da yawa suna kama da cutar bawul. Ga yadda za ka rarrabe su. Ba ka bukatar kome sai idonka da hannunka da mutum ɗaya mai taimako.

Mataki na 1. Duba ruwa. Yi wannan da safe, tun inji yana da sanyi. Buɗe murfin lagireto ko duba gorar ruwa da ke gefensa. Idan ruwa ya yi ƙasa, hita ce ta farko da za ta rasa shi, domin a motoci da yawa tana sama. Cika ruwan, sannan ka nemi inda ya bi ya fita.

Mataki na 2. Tayar da inji, ka bar shi ya yi aiki minti 10 zuwa 15. Dubi allurar zafi a gaban direba. Ya kamata ta hau zuwa wajen tsakiya. Idan ta kwanta a ƙasa ta ƙi tashi, ba laifin bawul ba ne. Tamostat ne ya cije a buɗe, ko kuma wani ya cire shi. Ruwan da bai yi zafi ba, ba zai ɗumama kowa ba.

Mataki na 3. Kunna fankar hita. Idan ba ka ji iska ba sam, cutar tana wajen fanka ko fis ɗinta. Bawul ba ya hana iska fitowa. Ɗumi kawai yake hanawa.

Mataki na 4. Kai makunni ƙarshen ja. Buɗe murfin inji, ka nemo tiyon hita guda biyu. Kafin ka sa hannu, naɗe hannun rigarka. Tuɓe babbar riga da rawani, domin fambel yana kama tufa ya ja mutum. Nisanci fankar lagireto, domin mai lantarki tana tashi da kanta ba tare da sallama ba. Taɓa tiyo da sauri, da bayan yatsu. Kada ka damƙe shi.

Yanzu ga karatun abin da hannunka ya ji.

Idan tiyo yana da zafi kafin bawul, amma bayan bawul ba zafi, to bawul bai buɗe ba. Ka kama ɓarawonka.

Idan ruwan zafi ya wuce bawul ya kai hita, amma tiyon dawowa yana da sanyi, to bawul lafiya lau yake. Hitar ce ta toshe da laka da tsatsa, ko iska ta maƙale a cikinta.

Idan tiyo biyu duk suna da zafi, amma iska tana fitowa da sanyi, to ruwa yana tafiya daidai. Murfin nan na cikin akwatin iska ne bai buɗe ba.

Idan inji ya yi zafi sosai, amma tiyo biyu duk ba zafi, har kafin bawul, to ruwa ba ya zagayawa. Ko ruwan ya yi kaɗan, ko famfon ruwa ya gaji. Kashe inji nan take.

Mataki na 5. Idan zargi ya faɗa kan bawul, saura ka san ko shi ne ya mutu, ko kuwa mai ba shi umarni. Sa yaronka ya zauna a ciki. Ka ce masa: "Yaro, kai makunni ja. Yanzu mayar da shi shuɗi." Kai kuma ka zuba wa bawul ido.

Idan mai waya ne, duba ko hannunsa yana motsi. Idan bai motsa ba, cire wayar ka gwada shi da hannunka. Idan ya motsa da sauƙi, wayar ce ta tsinke ko ta zame daga maƙalinta. Wannan ƙaramin gyara ne. Idan ya ƙi motsi, tsatsa ta cinye shi. Kada ka matsa masa da filaya, domin zai karye ruwa ya tsiyaye.

Idan mai zuƙar iska ne, duba siririn tiyon. Zafin rana yakan busar da roba ta tsage. Idan mai lantarki ne, duba fis da soket, ka goge ƙura da tsatsa. Irin waɗannan biyun, da yawansu an yi su ne yadda za su zauna a buɗe idan iska ko wuta ta yanke. Shi ya sa tsagaggen tiyo ɗan ƙarami yakan cika mota da zafi.

Wani lokaci hannun bawul yana motsi a waje, amma abin da ke ciki ya karye. Za ka gane haka idan hannu ya motsa, amma zafin tiyo bai sauya ba bayan minti biyu ko uku.

NEMAN YOYO

Ruwan zafi yakan bushe da sauri, saboda haka ba kullum za ka ga ɗigo a ƙasa ba. Amma yana barin sawu. Duba jikin bawul da bakin tiyo. Idan ka ga wani farin gari ya daskare, ko kore, ko jan tsatsa, nan ne ruwa yake fita.

Shiga cikin mota ka taɓa shimfiɗar ƙasa ta gaban fasinja. Idan ta jiƙe alhali ba a yi ruwa ba, ko kana jin wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ko gilashin gaba yana yin hazo mai maiƙo, to yoyon yana ciki. Ko bawul ne, idan a ciki yake, ko hitar ce ta huje.

Kada ka ce ɗigo kaɗan ne. Daga Gaya zuwa Dosso kimanin kilomita 150 ne. Ruwan lagireto yana cikin matsi idan ya yi zafi. Ƙofar da ke ɗiga a tasha tana iya fashewa a tsakiyar hanya. Ruwa ya ƙare, allura ta hau ja, gasket ɗin kan inji ya ƙone, wani lokaci kan injin ma ya lanƙwashe. Kuɗin bawul kaɗan ne. Kuɗin kwance inji kuwa yana iya cinye cinikin watanni, mota tana gareji, iyali suna jira. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

GYARA

Bawul ɗin da ya cije ko ya huje, sauya shi ake yi. Ka tafi da tsohon wurin mai sayar da kayan gyara, don a ba ka irinsa daidai. Wasu suna da kibiya a jiki mai nuna inda ruwa ke bi. Kada a ɗaura shi a juye. Idan tiyo ya kumbura ko ya bushe, sauya shi a lokaci ɗaya, tare da zoben ƙarfen da ke ɗaure shi.

Bayan an ɗaura, a cika ruwa, a buɗe hita ƙarshen ja, a tayar da inji don iskar da ta shiga ta fita. Idan inji ya huce, a sake duba ruwa a ƙara. Wanda ya manta da fitar da iska zai ga hita ba ta ɗumi, ya ce sabon bawul ba shi da kyau.

Idan bawul ya fashe maka a daji fa? Jira inji ya huce. Cire tiyon nan biyu, ka haɗa su da juna da guntun bututun ƙarfe, ka ɗaure tamau. Ruwa zai zagaya ba tare da ya shiga hita ba. Wannan zai kai ka gari. Kada ka toshe tiyo da guntun ice. Ice yakan ruɓe ya fita, kuma a wasu injuna dole ne ruwa ya bi ta wannan hanya.

Ga wata dabara da tsofaffin direbobi suka sani. Idan kana tafiya da lodi a zafin bazara, ka ga allura tana hawa, kashe na'urar sanyi, buɗe gilasai, ka kunna hita da fankarta har ƙarshe. Za ku sha zafi, amma hitar za ta taya lagireto fitar da zafin inji, har ka sami wurin tsayawa. Idan allura ta kai ja, tsaya ka kashe inji. Wannan dabara ba ta yiwuwa sai bawul yana buɗewa. Kun ga ke nan, ko a ƙasar zafi hita tana da rana.

GARGAƊI UKU

Na ɗaya. Kada ka buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma matsin murfin yana hana shi tafasa har wajen digiri 120. Da ka buɗe, zai yi tsalle ya ƙona fuska da hannu. Jira aƙalla rabin sa'a, ka sa tsumma mai kauri, ka juya a hankali.

Na biyu. Ruwan lagireto mai launi da ake saya a galan guba ne. Yana da zaƙi, shi ya sa yara da awaki da karnuka suke sha. Kaɗan daga cikinsa yana lalata ƙoda, yana kisa. Kada a zuba shi a kwalbar lemo. Kada a zubar da shi kusa da rijiya ko kogi. Idan yaro ya sha, a kai shi asibiti nan da nan.

Na uku. Idan hita ta mutu, kada ka shigar da kaskon gawayi cikin mota. Kada kuma ka kwana a mota gilasai a rufe inji yana aiki. Hayaƙin gawayi da na inji suna ɗauke da wata iska marar wari, wadda ke kashe mutum a cikin barci.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Abu biyu ne suka fi kashe bawul a ƙasarmu. Na farko mugun ruwa. Ruwan kogi yana da laka. Ruwan wasu rijiyoyi yana da gishiri da kanwa, musamman wajen Dallol Foga inda ake dafa gishiri. Laka tana toshewa, gishiri yana cin ƙarfe. Ka yi amfani da ruwan lagireto na galan, ka bi abin da aka rubuta a jikinsa. Nan ma karatu ya yi maka rana. Idan larura ta sa ka zuba ruwan hanya, ka sauya shi idan ka isa gida.

Na biyu zama wuri ɗaya. Bawul ɗin da ya yi wata goma a rufe, ƙofa ce da ba a buɗewa, tsatsa ta kama ta. Sau ɗaya a wata, ko da zafi ake yi, ka kunna hita minti biyar, ka kai makunni ja, ka mayar shuɗi, sau uku ko huɗu.

Kada kuma ka yarda a cire maka tamostat don wai ƙasarmu da zafi. Injin da ba ya kai zafinsa yana shan mai da yawa, yana saurin tsufa. Idan tamostat ya lalace, a sa sabo.

TAMBAYOYI DON AJI

Malamin aji ya karanta, ɗalibai su amsa da baki, sannan su rubuta.

1. Mene ne aikin bawul ɗin hita?
2. Tiyo yana da zafi kafin bawul, bayan bawul ba zafi. Ina cutar take?
3. Tiyo biyu duk da zafi, amma iska sanyi. Ina cutar take?
4. Don me ba a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi?
5. Sau nawa ya kamata a kunna hita a wata?

Ku rubuta waɗannan kalmomi a littafinku, kowace sau uku: mota, inji, ruwa, tiyo, bawul, lagireto, tsatsa, ɗumi. Ku lura da ƙugiyar da ke kan ɗ a kalmar ɗumi.

Wanda yake da mota a kusa, gobe da safe ya roƙi mai ita ya buɗe murfin inji, ya nemo tiyon hita guda biyu, ya nuna wa 'yan ajinsu.

Jama'a, a nan za mu tsaya. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Sai mun sake saduwa. Wassalamu alaikum.